Jaridar da ke karɓar tallafi, shin tana da 'yanci kuwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen koyon aikin jarida, ina shekarar ƙarshe. Kullum ana gaya mana cewa ya kamata a tallafa wa kafafen yaɗa labarai masu zaman kansu a ƙasashe masu tasowa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, idan jarida tana karɓar kuɗi daga ƙungiyoyin ƙasashen waje, ina zaman kan nata yake? Ba ubangida kawai ta sauya ba? Sannan wane irin tallafi ne yake da amfani da gaske, kuma mu da ba mu da ko sisi me za mu iya yi?"

Wa alaikis salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama karatu lafiya. Tambaya uku kika haɗa wuri ɗaya: ko kuɗin waje yana sayen bakin jarida, wane taimako ne yake aiki, da kuma rabon mai ƙaramin ƙarfi a cikin wannan hidima. Na daɗe a ɗakin labarai, daga ɗan rahoto har na zama edita, kuma wannan tambaya taki ta sha hana ni barci, don haka ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Babu jaridar da ba ta cin kuɗin wani. Takarda kuɗi ce, lokacin rediyo kuɗi ne, tafiyar ɗan rahoto zuwa ƙauye kuɗi ce. Saboda haka in za ki auna 'yancin gidan jarida, ki fara da wannan: mutum nawa ne za su iya ɗaga waya sau ɗaya su hana ma'aikatansa albashi? In mutum ɗaya ne, gidan nan a hannunsa yake, ko minista ne, ko attajiri, ko wata gidauniya daga Turai. In kuwa sai an haɗa baki da mutum dubu kafin a sa shi yunwa, to ya samu sararin numfashi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ma'auni ya doru.

Me ake nufi da "mai zaman kanta"?

Mutane da yawa suna ɗauka duk kafar da ba ta gwamnati ba mai zaman kanta ce. Ba haka ba ne. Gidan rediyon da ɗan siyasa ya kafa don ya wanke kansa ya shafa wa abokin hamayyarsa baƙin fenti, mallakar mutum ne, amma ba shi da 'yanci ko na anini. 'Yan jaridar Afirka da suka taru a Windhoek, babban birnin Namibiya, daga 29 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayun 1991 a ƙarƙashin UNESCO sun gane wannan sarai. A sanarwar da suka fitar sun ce jarida mai zaman kanta ita ce wadda ba ta ƙarƙashin ikon gwamnati, ko na siyasa, ko na masu kuɗi, har suka ƙara da ikon masu riƙe da kayan aikin da ake buga jarida da rarraba ta. Mutanen da suka san zafin a hana su takarda ko injin bugawa ne kaɗai za su tuna da wannan. Saboda wannan taro ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Mayu a matsayin ranar 'yancin 'yan jarida ta duniya, tun 1993.

Kada kuma ki ɗauka maganar ta 'yan jarida ce su kaɗai. A Uganda, cikin shekarun 1990, an bi sawun kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare, sai aka ga a 1995 abin da ke isa makaranta bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran yana zurarewa a hanya. Gwamnati ta fara buga adadin kuɗin da ta tura kowace gunduma a jaridu. Zuwa 2001 sama da kashi 80 cikin ɗari yana isa. Masana tattalin arziki biyu, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun gano cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun ƙarin. An yi wasu gyare-gyare a lokaci guda, don haka ba za a ba jarida ladan duka ba. Amma da shugaban makaranta ya san nawa aka turo masa, ɓarawon da ke tsakani ya rasa duhun da yake ɓuya a ciki.

Yadda ake kashe jarida

Wanda kowa ya sani shi ne kisa. An kashe ɗan jarida Norbert Zongo a Burkina Faso ranar 13 ga Disambar 1998, aka ƙona motar da yake ciki, yana tsakiyar binciken mutuwar direban ƙanen shugaban ƙasa. An harbe ɗan jarida Deyda Hydara a Gambiya a Disambar 2004. Alƙaluman UNESCO sun daɗe suna nuna cewa kusan tara cikin goma na kisan 'yan jarida ba a hukunta kowa a kansu. Wannan ciwo ne da ba ya warkewa a zuciyar duk wanda ya riƙe alƙalami.

Sai dai masu mulki da yawa sun gane cewa gawa tana jawo idon duniya, takardar haraji kuwa ba ta jawowa. A Zambiya hukumar haraji ce ta garƙame jaridar The Post a watan Yunin 2016, makonni kaɗan kafin zaɓe. A Kambodiya an miƙa wa Cambodia Daily takardar bashin haraji na sama da dala miliyan 6, ta rufe a Satumbar 2017 bayan shekara 24 tana fitowa. A Guatemala an kama José Rubén Zamora a Yulin 2022 bisa zargin halasta kuɗin haram, aka riƙe asusun jaridarsa elPeriódico, masu talla suka janye, lauyoyinsa ma aka bi su da ƙara, har ta daina fitowa a Mayun 2023. Ko a Namibiya, inda aka yi waccan sanarwa, gwamnati ta hana ma'aikatunta ba jaridar The Namibian talla fiye da shekara goma, sai a 2011 aka ɗage.

Na ɗanɗani wannan da kaina. Mun taɓa buga rahoto kan wata kwangila da aka biya kuɗinta ba a yi aikin ba. Babu wanda ya zage mu, babu ɗan sandan da ya zo. Bayan kwana biyu shugaban sashen talla ya shigo ofishina ya rufe ƙofa, ya ajiye takarda a gabana ba tare da ya ce uffan ba. An soke tallace-tallacen wata uku, daga ma'aikatar da abin ya shafa da kuma kamfanoni biyu da ke hulɗa da ita. Wata biyu muka yi ba albashi. Abin da ya fi yi min ciwo ya zo daga baya, ranar da wani ɗan rahotonmu mai hazaƙa ya samu kashi na biyu na labarin. Ya tsaya a bakin teburina yana jujjuya takardun a hannu, ya ce, "Malam, ko mu ɗan jinkirta?" Ba tsoron ɗauri yake ba. Matarsa ce ke da tsohon ciki. Daga ranar na san cewa wanda ya riƙe maka talla ba ya buƙatar ya hana ka magana, kai da kanka za ka fara tauna kalmominka.

A kan wannan rauni ne intanet ta zo ta ƙara nata. Kuɗin tallan da a da yake zuwa jaridu, yanzu mafi yawansa Google da Facebook ke kwashewa, masu karatu kuma ta hannunsu suke zuwa. A Oktoban 2017 Facebook ya yi gwajin cire labaran shafukan jaridu daga babban zauren da mutane ke gani a ƙasashe shida, ciki har da Kambodiya da Bolibiya da Guatemala da Sri Lanka. Cikin kwanaki kaɗan ƙananan jaridu suka ga masu karatunsu sun zube, ba wanda ya shawarce su, ba kuma inda za su kai kuka.

To kuɗin waje fa?

Gaskiyarki, 'yata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ban taɓa ganin mai ba da tallafi ya kira ni ya ce in cire labari ba, amma igiyarsa tana nan, ta wata hanya take ja. Shi ke zaɓar maudu'i. Bana an ware kuɗi don sauyin yanayi, baɗi don ƙaura, sai ki ga ɗakin labarai yana bin inda kuɗin ya nufa, alhali abin da ke ci wa masu sauraro tuwo a ƙwarya shi ne asibitin da babu magani a cikinsa. Tallafin kuma yawanci na wata shida ne ko shekara ɗaya, a kan aiki guda, ba ya biyan haya, ba ya biyan akanta. Edita sai ya koma marubucin takardun neman tallafi da rahoton yadda aka kashe, cikin harshen da masu karatunsa ba sa ji. Gidajen da suka iya wannan rubutu, waɗanda galibi a manyan birane suke, su ke kwashe rabo, ƙaramin gidan rediyon karkara kuwa ko labarin kuɗin ba ya ji.

Ga kuma rashin tabbas. A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, aka kuma wargaza hukumarta ta ba da agaji, USAID, wadda a lokacin take cikin manyan masu tallafa wa kafafen yaɗa labarai a duniya. Gidajen jarida da dama a nahiyoyi daban-daban suka sallami ma'aikata cikin makonni. Dama can abin da ake ware wa wannan fanni bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tallafin raya ƙasashe ba. Sannan kuɗin waje yana ba azzalumi sandar duka. Rasha ta kafa dokar "wakilan ƙasashen waje" a 2012, ta faɗaɗa ta kan kafafen yaɗa labarai a 2017, wasu ƙasashe kuma suka kwaikwaya, kamar Nikaraguwa a 2020 da Jojiya a 2024.

Duk da haka ba zan ce ubangida kawai aka sauya ba. Labarin da ya fi shafar rayuwar mai karatu, na kwangila da kasafin kuɗi da cin zalin jami'an tsaro, shi ne ainihin labarin da ubangidan cikin gida yake son a binne. Gidauniyar da ke nesa ba ta da hannu a kwangilar, ba ta kuma da 'yan sanda. A inda kasuwa ba za ta iya ɗaukar nauyin binciken ƙwaƙwaf ba, gwamnati kuma ita ce babbar mai talla, ƙin karɓar tallafi sau da yawa yana nufin komawa hannun wanda ake bincike a kansa. Shi ya sa nake karɓa, amma da sharuɗɗan da ba na sassautawa. Mu bayyana wa masu karatu sunan duk wanda ya ba mu kuɗi. Babu mai ganin labari kafin a buga shi. In labari ya biyo ta kan mai tallafin ko ƙasarsa, za mu buga. Kuma ina ƙoƙarin kada abin da ke fitowa daga hannun mai ba da kuɗi ɗaya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarmu. Wannan na ƙarshe ƙa'idata ce, ba doka ba ce, kuma akwai shekarun da na kasa cika ta.

Taimakon da na ga ya yi aiki

In aka ce in zaɓi ɗaya, zan ce albashi. Ɗan rahoton da ba a biya shi ba, ambulan ɗin da ake miƙa masa bayan taron manema labarai da sunan kuɗin mota shi ne abincin gidansa, kuma in baki ya ci ido kunya yake ji. An kashe dukiya mai yawa a tarukan bita a manyan otal ana koya wa 'yan jarida ɗa'ar aiki. Na san wata 'yar rahoto da ta tara takardun shaidar bita har bakwai, amma ranar da aka yi ambaliya a wani yanki ba ta da abin da za ta hau ta je, rikodarta ma ta aro ce. Ba na raina horo. Koyon karanta kasafin kuɗi, da tantance hoto da bidiyo, da tsare waya daga masu leƙen asiri, duk abin buƙata ne, musamman tun da aka gano manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wayoyin ma'aikata fiye da ashirin na jaridar El Faro ta El Salvador. Amma horon da ya fi kama jiki shi ne wanda gogaggen edita zai zauna a ɗakin labarai wata da watanni ana aiki tare. Tallafin da ya fi kowanne albarka kuwa shi ne na shekara uku zuwa biyar, wanda aka bar wa gidan ya kashe a kan abin da ya ga ya fi buƙata, da sharaɗin a binciki littattafan kuɗinsa.

Na biyu shi ne lauya. Ƙarar ɓata suna ba sai an yi nasara a kanka take kashe ka ba, zirga-zirgar kotu kaɗai ta isa. Dubi Lohé Issa Konaté, editan wata ƙaramar jarida a Burkina Faso, wanda aka ɗaure shekara guda a 2012 saboda rubutu kan wani mai gabatar da ƙara. Ƙungiyar Media Defence, mai kare 'yan jarida a kotu, ta tsaya masa har Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha, wadda a Disambar 2014 ta yanke cewa ɗaurin ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ta umarci ƙasar ta gyara dokarta. Shari'ar mutum ɗaya ta zama hujjar da lauyoyi ke ɗagawa a faɗin nahiya. Gyaran doka ma haka yake. Ghana ta soke dokar ɗauri kan ɓata suna tun 2001, Indiya ta kafa dokar 'yancin samun bayanai a 2005, Nijeriya a 2011. Sai dai doka a takarda ba ta buɗe ƙofar ofis sai an yi ta ƙwanƙwasawa, ana komawa kotu duk lokacin da aka ƙi amsawa.

Akwai kuma rance da zuba jari. Asusun Media Development Investment Fund, wanda aka kafa a 1995, yana ba gidajen jarida bashi mai sauƙin ruwa ko ya sayi hannun jari, don su mallaki injin bugawa ko na'urar watsa shirye-shirye ta kansu. Ina ganin hikimar wannan, domin wanda zai biya bashi dole ya koyi neman masu karatu da tsare lissafi. Haka nan asusun haɗaka irin International Fund for Public Interest Media, inda ƙasashe da gidauniyoyi da yawa ke zuba kuɗi wuri ɗaya, wani kwamiti dabam ya raba. Amfaninsa shi ne babu ƙasa ɗaya da za ta ce ita ce uwar ɗakin wata jarida. 'Yar jarida Maria Ressa ta Filifin, wadda ta samu kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2021 tare da Dmitry Muratov na Rasha, tana cikin waɗanda suka jagoranci kafa shi.

Abin da nake ganin an fi sakaci da shi shi ne rediyo da harsunan gida. Miliyoyin mutane a ƙasashe masu tasowa da kunne suke karɓar labari, cikin harshen da suka tashi da shi. Radio Okapi, da Majalisar Ɗinkin Duniya da gidauniyar Hirondelle suka kafa a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2002, ta samu karɓuwa ne saboda tana magana da Lingala da Swahili da Tshiluba da Kikongo, ba Faransanci kaɗai ba. Ƙarfin rediyo kuwa kaifi biyu gare shi. Ruwanda ta ga abin da gidan rediyon RTLM ya yi a lokacin kisan ƙare dangi na 1994, yana kiran sunayen mutane ana bi ana kashewa, kuma gidan na 'yan kasuwa ne a takarda. Don haka duk mai son tallafawa ya duba aikin gidan: yana jin ta bakin kowane ɓangare? Yana gyara kuskurensa a fili?

Rabonki da rabona

Kada ki raina abin hannunki. A Fabrairun 2021 kotun ƙolin Malesiya ta ci tarar jaridar intanet ta Malaysiakini ringgit 500,000 saboda sharhin da wasu masu karatu biyar suka rubuta a shafinta. Jaridar ta nemi gudummawa, cikin 'yan sa'o'i masu karatu suka haɗa kuɗin har da ƙari. Daily Maverick ta Afirka ta Kudu ma tun 2018 take da tsarin da mai karatu zai riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk wata, labaran kuma a buɗe suke ga kowa. Wannan shi ne mutum dubun da na ambata da farko. In kina da hali, ki zaɓi gida ɗaya da kika yarda da aikinsa ki riƙa ba shi ɗan abu a kai a kai, ya fi babbar kyauta ta rana ɗaya. In babu, ki karanta labarin a shafinsu maimakon kwafin da aka yanko aka watsa a WhatsApp ba suna. In an gurfanar da ɗan jarida, ki je kotu ki zauna. Na taɓa tsayawa gaban alƙali, na waiga na ga benci cike da fuskokin da ban sani ba, kuma na ga yadda hakan ya sauya yanayin zaman. In jarida ta yi miki ba daidai ba, ki rubuta mata ki nemi gyara, kada ki goyi bayan a rufe ta.

Dole kuma in gaya miki iyakar abin da na faɗa. Tsarin biyan kuɗin masu karatu ya fi tafiya a inda ake da masu albashi a birane da hanyar biya ta waya mai sauƙi. Gidan rediyon da masu sauraronsa manoma ne masu neman na yau, mai yiwuwa ba zai taɓa ɗaukar nauyin kansa ba, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, domin ba a tambayar makarantar firamare ribar da ta kawo. Irin wannan gida zai daɗe yana buƙatar tallafi, ko na waje, ko na asusun gwamnati da doka ta raba shi da hannun masu mulki. Sannan akwai ƙasashen da aka toshe kowace ƙofa, kamar Nikaraguwa, inda jaridun La Prensa da Confidencial suka koma aiki daga gudun hijira. A can shawarwarina na raba ƙafa a harkar kuɗi ba su da wurin zama, abin da ake buƙata shi ne mafaka da takardar izinin zama da hanyar kare waɗanda suka rage a ciki suna turo labari a ɓoye. Ni a inda ake matsawa amma ba a rufe gaba ɗaya ba na yi aikina, don haka maganar waɗancan 'yan'uwa ta fi tawa nauyi a kan halin da suke ciki.

Ke kuma da kike dab da fita neman aiki, in wani gida ya kira ki, ki binciki wanda ya mallake shi da sauran harkokin da yake yi. Ki duba ko sun taɓa buga labarin da ya taɓa mai gidan ko babban mai ba su talla. Kafin ki sa hannu a takarda, ki ja wanda ya fi daɗewa cikin 'yan rahotonsu gefe, ki gaishe shi da ladabi, ki tambaye shi yaushe rabonsa da albashi.